Latas Ɗin Ruwan Alwala

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na jagoranci dattawan unguwarmu, har da surukina, zuwa wajen tonon asirin kaina ba. Ni na kira su, ni na shige gaba, kuma ni nake ɗaga murya. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, na rasa wanda zan fara jin haushi.

Dangin Innata mutanen wajen Yargalma ne, don haka tun lokacin da gubar dalma ta yi ɓarna a can na zama mutum mai tsananin zargin ruwa. Ko a gidan biki aka miƙo min kofi sai na tambayi rijiyar da aka ɗebo. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne bakina. A nan Gummi akwai wani ɗan lambu, Haruna, da yake jan ruwan kwata yana ban ruwa, ni kuwa na sa shi gaba. A majalisa shi, a kasuwa shi. Na taɓa tsayawa gaban tirensa na ce da masu saye, “Ku ci dai, asibiti ba ta da nisa.” (Allah ya yafe min, ranar har daɗi na ji.)

Ni nawa lambun yana gangaren masallacin unguwa. Ganin ruwan alwala yana malala a banza, sai na haƙa 'yar hanya na karkatar da shi zuwa fangalina. Latas ya yi kore shar, ganye kamar kunnen giwa. Na rinƙa yawo ina cewa nawa ganyen ruwan alwala yake sha, na wasu kuwa sai dai a yi shiru. Mutane suka fara kiransa latas ɗin ruwan alwala, kaina ya ƙara girma.

Da bikin ƙanwar matata ya zo, na je gaban surukina, Baba Alhaji, na durƙusa na ce latas da tumatir na walima duk a wuyana. Na ƙara da sharaɗin kada a sayi ko ganye ɗaya wurin Haruna. Baba Alhaji mutum ne mai kawaici, wanda tun da na auri ɗiyarsa nake neman ranar da zai ce ya yi dacen suruki. Ya sa min albarka. Aka yi kwaɗon latas da ƙuli cikin manyan robobi, dangin ango da suka zo daga Anka suka ci har da neman ƙari, ni kuwa ina zagayawa ina ba su tarihin ganyen.

Washegari gari ya waye da layi a ƙofar kowane makewayi. Ango kansa, bawan Allah, a kemis ya yi angwancinsa ana ƙara masa ruwa. Baba Alhaji, da ko jam'i ba ya wuce shi, a zaune ya yi sallar asuba a ɗaki.

Kun san abin da na yi? Fushi na yi! Nan take na yanke hukunci cewa masu girki sun ci amanata, sun ƙaro ganye daga wurin Haruna. Bayan kwana biyu, da mutane suka ɗan miƙe, na tare shi a ƙofar masallaci gaban jama'a.

“Kai kas sa aka zubar muna da mutunci gaban baƙi!” in ji ni.

Haruna ya dube ni sama da ƙasa. “Ni? Ko albasa ba a saye wurina ba. Kuma ni bana ban shuka latas ba, rake da masara ag gare ni. Mi kaka nuhi?”

Maimakon wannan ta sa na tsaya na yi tunani, sai na ƙara hawa. Na ce to a zo a bi ruwana tun daga lambu har inda ya fito, kowa ya gani da idonsa, sannan a je a bi nasa. Na aika aka taso Baba Alhaji, yana dogara sanda. Matata ta aiko a ce min na bari, na ce ai mata ba su san sha'anin ruwa ba.

Muka faro daga lambu muna hawa. Ina gaba ina bayani kamar mai wa'azi: ku duba, ruwa garai-garai, ko kumfa babu. Muka zo bayan katangar masallaci, inda ciyawa ta rufe hanyar ruwan. Rabona da wurin tun ranar da na yi haƙa. Na sa ƙafa na ture ciyawar don a ga bakin bututun alwala.

Bututu biyu na gani.

Na farkon na san shi. Na biyun sabo ne, ya fito daga ƙarƙashin ginin makewayin da aka yi wa masallaci kafin azumin bara, wanda duk matafiyin da ya sauka a tasha nan yake kama ruwa. Muna tsaye sai muka ji ƙarar buta daga ciki. Ruwa ya ɓullo ta sabon bututun, ya haɗe da na alwala, ya bi ta gefen takalmin Baba Alhaji ya gangara lambuna cikin natsuwa. Wani baƙo ya fito yana gyara zariya, ya ce mana sannunku.

Na juya da sauran ƙarfin halina na ce wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan haɗin? Ladan, wanda shi ya tsaya kan aikin ginin, ya yi gyaran murya.

“Ai kai na. Ranar da ruwan makewayin yaɓ ɓata hanya, ba kai kat taso kana hwaɗa ba, kac ce wa magini ya haɗe shi da kowace makwarara yag gani, in dai ya bar bin hanya? To, ita ɗai ak kusa.”

Na tuna. Wallahi na tuna, har da rigar da ke jikina ranar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rabin mutanen da ke tsaye a wurin sun san da haɗin nan. Wata da watanni suna jina ina cika baki, ba wanda ya ja ni gefe. Ashe shi ya sa ladan kullum in na kai masa kyautar ganye sai ya ce haƙorinsa na ciwo! Wannan wane irin zaman tare ne?

Haruna bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ya yi shi ya san abin da ke cikin ruwansa, shi ya sa ba ya ba ganyen da ake ci ɗanye. Baba Alhaji ya daɗe yana kallon takalminsa, sannan ya ce a hankali, “Ɗana, ruwan mutane kab bi da baki, naka ba ka bi shi da ƙahwa ba.” Ya juya da sandarsa. Da ƙasa za ta tsage da na ba ta tukwici.

A ranar na tuge latas ɗin kaf. Aka raba bututun, na makewayi aka yi masa raminsa. Yanzu ruwan alwalar, ayaba da gwanda ne ke shan sa daga gindi, ganyen ci kuwa sai ruwan rijiya, kuma ko shi sai an wanke da kyau. Na koyi cewa kafin mutum ya rantse kan tsarkin ruwansa, ya fara ture ciyawa ya ƙirga bututu.

Sunan dai ya bi ni, yara ma Na-Alwala suke ce min. Da ƙaramar sallar da ta wuce na kai wa Baba Alhaji sabuwar hula, ina ganin magana ta wuce. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya leƙa cikinta, ya ce, “Madalla. Ita kuma wane ruwa tas sha?”