Rasuwar Malam Ƙarami a Kan Ragar Banda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin bandeji, ni Malama 'Yar'azumi, mai kula da ajin rainon yara a ƙauyenmu na bakin fadama a ƙasar Guri, nake sanar da iyaye da abokan aiki rasuwar Malam Ƙarami, kwamfutar hannu ta ajinmu, irin wadda ake ce wa tabulet. Ya rasu ranar Talata da hantsi. Kada wani ya ce jinya ce ta ɗauke shi. Kashe shi aka yi a gabana, kuma na san waɗanda suka yi.

Marigayin mai haƙuri ne. An lashe shi, an cije shi, an shafa masa majina da kunu, wani ƙaton yaro ya taɓa zama a kansa, bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Komai yawan kuskuren yaro, sai dai ka ji ya ce, "Ƙara gwadawa!" Ni da aka ɗauka aiki don in yi haƙuri, ban kama ƙafarsa ba. Aibinsa ɗaya, cin wuta, kullum yana kwance a jikin sola yana zuƙa.

Ya bar caja guda mai karyayyen wuya, da rigar roba shuɗiya, da aji cike da marayu. Amma wadda ya bari da gaske ita ce Zulaihat, 'yar shekara huɗu, jikar Iya Gana mai bandar kifi. Tun da aka haife ta har zuwa ranar Talatar nan, ba ta taɓa yi wa ɗan Adam magana ba. An kai ta asibiti a Haɗeja, aka ce kunnenta lafiya lau. Sai dai in aka bar ta da marigayin a kusurwar aji, ya ce, "Ba, balbela," za ka ga leɓenta ya motsa, ta maimaita ƙasa-ƙasa. Shi kaɗai take yi wa haka. Na daɗe ina lallaɓa wannan abu, ina fatan wata rana ta juyo ta faɗa wa mutum ko kalma guda.

Ajalin ya faro ne daga ruwa. Fadama ta cika, hanyar makaranta ta yanke, muna tsallakewa a kwale-kwale. Ciyawar kacalla ta riƙe mu, jirgin ya karkata, jakata ta yi nutso. Na tsamo marigayin a sume, na ruga da shi gidan Iya Gana don shi ne mafi kusa, na kwantar da shi a tabarma, na fita neman ɗanyar shinkafar da zan binne shi a ciki ya tsane.

A ilimin Iya Gana, duk abin da ya fito daga ruwa, kan ragar banda ake ɗora shi. Ta kuma san abin ƙaunar jikarta ne. Saboda haka ta ɗauke shi da hannu biyu, ta ba shi wuri mai kyau a tsakiyar tarwaɗa, ta ƙara itace. Har juya shi ta yi don kada gefe ɗaya ya fi.

Ina shigowa da kwanon shinkafa batirinsa ya fashe. Wuta ta yi tsiri sama, raga ta kife, tarwaɗa ta watse har kan danga, wani baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe gidan. Marigayin ya faɗo ƙasa yana huci yana tartsatsi. Mala maƙwabci ya tsallako da gorar tuƙin jirgi, ya zabga masa a fuska, gilashi ya tarwatse. Matan gida suka rufe shi da taɓare, suna kirɓa suna salati. Na yi ihu, na yi zagin da bai dace da malama ba, babu mai ji. Na cusa hannu in ja shi, wuta ta cinye mini tafi, taɓarya ta sauka a kan yatsuna.

A nan ne wata siririyar murya ta ratsa hayaƙin daga bakin ƙofa.

"Ku bari!"

Zulaihat ce. Taɓare suka tsaya a sama. Iya Gana ta zube ƙasa daɓas, ta dafe kai tana kuka. "Wayyo ni Gana! Ni dai na ga ya jiƙe ne, Malama. Sake faɗa, Zulaihat uwata, sake faɗa in ji!" Yarinyar ta dubi abin da ya rage na malaminta, ta rufe baki. Har yau ba ta sake buɗe shi ba.

Na yafe wa Iya Gana. Mala kuwa ina nan ina duba lamarinsa.

Za a binne marigayin ranar Asabar bayan la'asar, a kan tudun bayan aji, nesa da ruwan da muke sha. Babu wanka, ya sha ruwa iya sha. Babu salla, don ba mutum ba ne, ko da yake ya fi wasu. Mala ne zai haƙa ramin, shi kaɗai. Kifin da ya mutu tare da shi ba na sadaka ba ne, kada kowa ya taɓa.

Zaman makoki a gidan Iya Gana, kuma Zulaihat ce mai karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo ya ajiye sandarsa a waje, ya durƙusa daidai tsawonta, ya yi mata ta'aziyya a hankali. Sannan ya yi shiru ya jira amsa, komai daɗewa. Wanda ya san ba zai iya jira ba, ya yi zamansa a gida.