Yadda Za Ka Gyara Kwamfutar Surukinka Har Ka Shiga Tarihin Zuri'a

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan ba tsallake, na yi maka alkawari sunanka zai shiga tarihin gidan surukanka, ya zauna har jikokin jikoki. An gwada, an gani.

Mataki na 1: Samo wadda ba taka ba

Kada ka taɓa taka. Jira ranar da matarka, mu ce Zubaida, za ta dawo daga gidansu a Ƙofar Ran da tsohuwar laftof ɗin mahaifinta, Malam Mijinyawa. Batirinta ya mutu tuntuni, sai da wuta take numfashi.

Za ta ce, "Baban Yasmin, Baba ya ce nauyi take yi, a ɗan duba masa. Tarihin zuri'armu ne a ciki, shekara goma sha ɗaya yana bugawa da yatsa biyu. Asabar zai karanta a taron dangi."

Ka ce ƙaramin aiki ne.

Mataki na 2: Raina masu sana'a

Kai ta wurin Festus mai gyara a kasuwar Wunti, don kawai ka ji ta bakinsa. Zai ce, "Oga, datti ne ya cika fanka, minti ashirin na gama." Girgiza kai cikin tausayi. Bayyana masa cewa wani nau'in manhajar Linux za ka saka, wanda ba ya zuwa a haɗe. Ɗanyen rubutu ake saukewa, kwamfutar ta gina manhajarta da kanta, guntu-guntu. Wasu tuwo suke saya, kai dawa za ka shuka.

"To, kwafe kayan Baba a filash tukuna," in ji Festus. Ka ce ai ka sani. Filash ɗaya gare ka, kuma ka riga ka cika ta da sabuwar manhajar.

Mataki na 3: Danna

Kwamfutar za ta tambaye ka da Turanci ko ka tabbata a share komai. Masani ba ya karanta gargaɗi. Danna. Kakanni tara sun tafi ke nan. Maganar Festus za ta faɗo maka kana tsakiyar alwalar la'asar. Ƙarasa alwalarka, za ka buƙace ta.

Mataki na 4: Yi jinya

Farin rubutu zai yi ta gudu a baƙin allo, fanka tana kuka. Ɗora kwamfutar kan bulo biyu, ka zauna kana mata fifita. Babban guntun yana cin awa tara. A awa ta takwas da rabi za a ɗauke wuta, ita ma ta ɗauke. Sake daga farko. Haka Laraba, haka Alhamis.

Mataki na 5: Fake da kunya

Nan al'ada za ta cece ka. Suruki ba ya tsare mijin 'yarsa da tambaya, kai ma ba ka ɗaga ido a gabansa. Je gaisuwa, durƙusa a zaure.

"Malam, ya aiki?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

Wane aikin? Bai faɗa ba, ba ka tambaya ba. Zubaida kam ba ta jin kunyarka, ita sai ka ce mata ana kan gini.

Mataki na 6: Halarci taron

Ginin zai kammala safiyar Asabar. Dangi sun cika tsakar gida, har na Tirwun. Kunna ta. Cikin daƙiƙa goma za ta tashi: baƙin allo, da ɗan layi yana ƙiftawa.

Tsohon zai daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Zubaida, tambayi maigidanki, ina kakannina?"

Ka ce, "Baba, amma yanzu tana da sauri."

Ba zai yi faɗa ba. Zai rufe ta a hankali, ya ce sunayen can sama daga bakin Gwaggo Kubura ya ɗauko su, ita kuwa shekara shida da rasuwa. Wallahi za ka gwammace mari.

Mataki na 7: Karɓi ladanka

Daga ranar, kullum bayan la'asar kana zaurensa, yana tunowa kana bugawa. Ranar farko zai ce a fara daga ƙasa.

"Rubuta: Zubaida, ta auri Auwalu, wanda ya goge mu. Ka rubuta? Karanto mini."

Karanto masa. Alkawari ya cika.

Sanarwa

Marubucin nan ba ruwansa da yajin mata, ko kallon da dangi za su riƙa yi maka a wurin suna, ko dariyar Festus. Kai ka danna. Mai ƙorafi ya same ni a zauren Ƙofar Ran bayan la'asar, amma ya shigo a hankali. Mun kai kaka na bakwai, kuma yau mako uku Baba yana neman sunan kakan.