Wadda Ke Tsayawa a Hagun Ragnfrid

"Sannu, tsohuwar mujiya. Ya duhu?"

Ragnfrid, 'yar kawuna, ta zabura har kofinta ya zube. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da rana ba ta leƙo tsibirinmu. Na daɗe tsaye a hagunta a tashar jirgin ruwa, ba ta gan ni ba.

"Eilif, sarkin ƙarnin kifi, yaushe ka tsiro?"

"Tun ina saurayi, ga shi har na yi furfura. Ina zuwa?"

"Awon ido a birni. Kullum sakamakona tas, ya fi haƙoranka."

"Ba likita ta ce ki zo da sassafe ba? Hawan jinin ido da safe yake miƙewa, da yamma ya lafe kamar mage. Mai neman kura ba ya fita da rana tsaka."

"Jirginmu ba ya tashi da safe. Duk tsibirin nan da yamma ake auna mu."

"Har da kakarmu Borghild," na ce. "Ita ma da yamma aka auna ta. Aka yi ta yaba idonta, har ranar da ta tambayi wanda ya kashe fitila, alhali fitila na ci."

Ruwa na lasar ƙafar gada.

"Tana zuwa wurina," in ji ta a hankali. "Takan tsaya nan hagu, dishi-dishi, ba fuska. In na juya sai ta goce. Bana ta fi bara matsowa."

Amma bakin taubashi ba ya mutuwa.

"Kaka da ko coci sai an ɗauko ta, ita za ta taso daga kabari don kallon wannan fuskar? Ba ita ba ce, ciwon idonta ne kika gada. Gobe da sassafe zan tsallaka da ke a kwalekwalena."

"Wannan akwatin gawar?"

"Gara ki ga ruwan da zai ci ki da idonki."

Jirgi ya yi kuka cikin hazo, ya tafi. Ba ta hau ba. Na zagayo damanta, ba ta lura ba.

Ta yi dariya, ta ciro busasshen kifin guzurinta. "Ka ci gari, maye. Ungo kuɗin jirgi."

Ta miƙa shi hagu, inda babu kowa.

"Nawa ne," na ce, "ko na Kaka?"