Surukin Inna Mai Kunya

Ba zan taɓa mantawa da gaisuwar da na kai Faru ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Ni malamin asibiti ne a wani ƙauye kusa da Bakura. Duk ranar awo nakan tara mata in cika musu kunne: mai jego ta rage kunun kanwa, ta bar kwanciya a gadon wuta, in ƙafa ta kumbura a garzayo asibiti. (Har bugun tebur nake yi.)

Sai matata Hadiza ta yi haihuwar fari, aka kai ta wanka gidan iyayenta a Faru. Da jego ya yi nisa na hau babur na tafi gaishe su, na'urar awon jini tana cikin jakata.

Na durƙusa gaban surukata, Inna, muka shiga gaisuwa. Gajiya, gida, damina, shanu, har jakin maƙwabta ban bari ba. Can Hadiza ta fito da ƙyar, fuska a kumbure, tana haki kamar ta yi dakan gero. Ina ganinta gabana ya faɗi, don na san ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

"Kumburin jego na," in ji Inna. "Ruwan zahi ka kwashe shi."

To, suruki ne zai musa wa Inna a tsakar gidanta, kuma a kan haihuwar fari da ko sunan ɗan ba ya iya faɗa? Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Inna. Allah Shi ƙara sauƙi." Na sha furata na tafi, wai sai na samu wani babba ya yi mata magana.

Kafin in samu babban, an kwashi Hadiza zuwa asibiti a Talata Mafara, numfashi na neman gagararta. Na iske likita yana faɗa, ga ma'aikatan da muka yi makaranta tare a tsaye.

"Duk gidan babu wanda ya ga wannan kumburin?" in ji likitan.

Inna ta nuna ni, da alfaharinta. "Ai mijinta malamin asibiti na, ga shi nan. Yaz zo yag gane ta, bai ce komi ba."

Kowa ya juyo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hadiza ta rayu, amma zuciyar ta tafi da rabin ƙarfinta, kullum cikin shan magani. Inna kuwa har yau tana yabona a gari, wai ba ta taɓa ganin suruki mai kunya irina ba. Abin da na koya, a makare, shi ne gara duk Faru su kira ni marar kunya. Yabon nan dai bai sa Hadiza ta iya goya ɗanta ko sau ɗaya ba.