Salwa da Damisa a Kan Gadarmu

Jama'a, jiya awarata ta yi tsami a kan gadar Kogin Gora, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa, da na fito ranar da manya biyu suka fito.

Na ratayo kwandunan awara biyu a sanda, zan kai gidan Inna Ruan da ke aurar da ɗanta, sai na tarar an tsaya cak. Kujeru biyu masu labule, na ɗaukar manya a kafaɗa, sun yi kiciɓis a tsakiyar gada, kuma kun san gadar, mutum biyu ma sai sun karkace. Ɗaya Yallaɓai mai alƙalami ne, an ɗinka masa salwa a ƙirjin riga, daraja ta takwas. Ɗayan Yallaɓai mai takobi, da ƙaramar damisa a ƙirji, daraja ta shida. Kun dai san tsarin: masu alƙalami tsuntsaye ake ɗinka musu, masu takobi kuwa namun daji.

Zagin mai takobi ya daka tsawa: "Shida tana gaba da takwas! Ku ja baya!"

Zagin mai alƙalami ya ce, "Maigidana shekara ashirin ya yi yana jarrabawa. Naka fa? A tasa jarrabawar dutse ya ɗaga, ya ja baka. Jakina ma yana ɗaukar dutse."

Su Yallaɓan kuwa ko labule ba su ɗaga ba. Girma ke nan.

Maƙwabcina Tsoho Meng, mai gyaran tukwane, ya raɗa mini: "Kai Kuwang, a dawa damisa ce ke cin salwa, ko?"

Na ce, "Baba, a dawa ka ce. A nan salwar ce ke rubuta takardar abincin damisar."

Aka aika a ɗauko littafin darajoji daga ofis. Rana ta take. Bayanmu masu itace, masu kifi, har da ungozoma tana ta rantsuwa jariri ba zai jira littafi ba. Ni kuwa ina jin awarata tana sauya wari, ina tuna baƙin Inna Ruan da bakin Inna Ruan.

Can sai ga Dong mai kwasar bayan gida, da bokitai biyu cike taf za shi gona. Bai durƙusa ba, bai ce ranka ya daɗe ba. Cewa kawai ya yi, "Hanya! Yana zuba!"

Wallahi ban taɓa ganin ladabi irin wannan ba. Salwa ta ja baya, damisa ta ja baya, kowa yana roƙon ɗan'uwansa ya wuce. Muka bi bayan Dong, hanci a toshe, ungozoma a gaba.

Inna Ruan ta sansana awarar ta ce, "Ɗan nan, aladu ma sai sun yi shawara." Ta soya ta da barkono, ta hana ni zama cin biki.

Don haka ina roƙon masu tsara darajoji, Allah ya ƙara musu hikima, a ba Dong daraja ta ɗaya. Abin da za a ɗinka masa a ƙirji kuwa, ƙuda ya isa. Yana da fiffike, sai a sa shi cikin masu alƙalami.