Bayan Daƙiƙa Talatin

Ina tsaye ina guga, waƙarsa na tashi a wayata, sai ƙanwarsa ta tsaya a ƙofar shagona. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya ya rasu. Mota ce, a hanyar situdiyo."

Yayan nan nata taubashina ne, ɗan kawuna, abokina tun muna cin ƙasa. Mawaƙi ne. Ni ina ce masa Kwaɗo saboda muryarsa, shi yana ce mini Gawayi saboda sana'ata ta wanki da guga. Tun da ya fitar da sabuwar waƙarsa kullum sai na kunna ta, amma da ta cika daƙiƙa talatin nake danna gaba. Ranar nan ban danna ba. Waƙar ta yi ta tafiya ita kaɗai, rigar mutane na ƙonewa a ƙarƙashin dutsen guga, har ta kai inda ban taɓa bari ta kai ba. Sai na ji shi yana cewa:

Na gai da na farko don baƙi ne,
Na bar Gawayi ƙarshe don nawa ne,
Ɗan gwaggo, bakinsa wuta ne,
Amma duk rigar da na sa, aikin hannunsa ne.

A nan na zauna a ƙasa. Allah ya jiƙan ka, ɗan kawu.

Ana ta ba ni haƙuri, ina kuma yi. Abin da nake so shi ne in rubuta zuwansa na ƙarshe shagona, don kada wata kalma ta ɓace mini. A lokacin mai situdiyo ya yi masa alkawari: in waƙar ta shiga jerin waƙoƙin da aka fi saurare a mako, zai ɗauki sauran waƙoƙinsa. In ba ta shiga ba, sai ya koma sayar da cajar waya. Saura kaɗan ta shiga, shi ya sa yake bin mu shago-shago kamar mai neman ƙuri'a.

"Lafiya lau, Gawayi, ya gajiya, ya ƙona kayan mutane?" Haka ya shigo, ya ture zannuwan da na ninke, ya ɗare kan tebur.

Na ce, "Sauka. Bawa ba ya zama inda ubangidansa ke aiki."

"Bawan da ake jin muryarsa a wayoyi? Kai wa ke jin ka, in ba rigunan da ke ihu a hannunka ba?"

"Kwaɗo ma ana jin sa da damina. Ba wanda ya taɓa tafa masa."

"Hassada ga mai rabo taki ce. Miƙo wayarka in duba aikinka."

"Ka saya mini ne?"

Ya fizge ta daga kan taga. Ya san lambar buɗewa, don tun da na fara riƙe waya ban taɓa iya ɓoye masa ita ba. Ya shiga manhajar sauraren waƙa yana girgiza kai.

Ya ce, "To, an ɗan samu ci gaba. Makon farko a katin memori ka riƙa ji, wadda mai askin kusa da kai ya tura maka."

"Ba muryar ɗaya ba ce? Ko a kati ko a manhaja, kuka kuka ne."

"Ta kati ba ta ƙirguwa, jaki! Ko shekara ka yi kana jin ta, masu ƙirga ba su san kana duniya ba. Ruwa kake zubawa a kwando. Sai ka buɗe manhaja, da asusunka, da datarka."

"Datar da zan kalli ƙwallo da ita nake ƙonawa a kan kukan kwaɗo. In wannan ba sadaka ba ce, ban san sadaka ba."

"Sadakar da ka yi ta kashe wa murya? An gaya mini. Ka kunna waƙata, ka rage sauti har ƙasa, ka kifa wayar a cikin kwandon wanki."

"Don lafiyar masu kawo kaya na yi. Wata tsohuwa ta ji ka ta tambaye ni ko akuya ce ke naƙuda."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya kusa faɗowa. Ya ce, "Shiru ba ya ƙirguwa, Gawayi. Ko kaɗan ne ka bari ta fito. Kuma kada ka sa ta maimaita kanta ita kaɗai tun safe har yamma, sai su ɗauka inji ne ba mutum ba, su zubar da duka. Ka sa tawa, ka sa na wasu biyu ko uku, sannan ka dawo kan tawa."

"Wannan kam na iya. Na wasun nan su ne maganin da nake korawa da shi."

"Na ga ka sa asusunka a wayar matarka ma."

"Don in ninka maka."

"Ninki sai a zani. Asusu ɗaya ko a waya goma ne, kunne ɗaya ne a wurinsu. Ka bar ta ta buɗe nata. Gwaggo ma ta fi ka fahimta, ita da ba ta san inda ake danna kira ba."

"Uwata ba ta ji sosai, shi ya sa take son waƙarka."

Ya ci gaba da duba wayar, sai na ga ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kai, tsaya. Kowace rana a wuri ɗaya kake yanke ta?"

"Kai ka ce daƙiƙa talatin ta isa a ƙirga. Na ba ka talatin ɗinka cif. Ko ɗaya ba na ƙara wa bawa."

"Wato sai ka ajiye dutsen guga, ka goge hannu, ka tsallake kwando, don kawai ka yanke ni? Mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo. Kai kullum cikin dafa dutse kake, ba ka taɓa jiran romon ba."

A nan abin da ke cina ya fito. Na dangwarar da dutsen a kan ƙarfensa. Na ce, "In jira in ji me? Daga buɗe baki ka gai da mai situdiyo. Ka gai da makaɗin fiyano da ka sani shekaran jiya. Ka gai da direba. Har mai gadi ka gaisar, Kwaɗo! Mai gadi!"

"Mutumin kirki ne, yana buɗe mini ƙofa."

"Ni na rufe maka? Wa ya fara yi maka kiɗa da gwangwani a bayan ɗakin kaka? Wa aka zane tare da kai ranar da muka fasa mata tasa? Rigar da ke hoton waƙar nan, wa ya sa mata sitati har ta tsaya da kanta?"

"Au, kishi ne?"

"Kishin me? Wa ke kishin mai gadi?"

"Ga shi nan yana hayaƙi ta kunnenka. Da ma gawayi in ya ji iska sai ya kama."

"Ni ko ka kira sunana sai na kai ka ƙara. Ka ɓata mini sana'a."

Yana ta murmushi yana cizon leɓe, irin wanda yake yi tun muna yara in ya ɓoye abu a aljihu. Ban gane ba. Daga baya uwata ta gaya mini ya bi kowa ya roƙe shi kada a faɗa mini abin da ke ƙarshen waƙar, har ita, har matata, har mai askin. Wai yana so in je da ƙafata.

Ya ce, "To ka taɓa jin ta har ƙarshe?"

"Wanda ya ɗanɗana ya ji tsami ba ya shanye kwarya."

"Rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai ba ruwana, talatin ɗinka na ƙirguwa. Kai ne ke asara."

Ya diro daga tebur zai tafi, sai na ga kwalar rigarsa ta naɗe kamar kunnen kare. Da ita zai je ya tsaya gaban mai situdiyo. Raina ya ƙi. Na buɗe akwati na ciro farar rigata, wadda ban taɓa sawa ba, na bi ta da dutsen guga sau biyu, na cilla masa.

Na ce, "Cire wannan tsumman. Kada a ce bawana na yawo haka, a zage ni."

Ya sa ta, ya juya gaban gilashin ƙofa yana gyara kafaɗa. "Ka gani? Bakin wuta, hannun kirki. Ka yarda ke nan ni ne ubangida."

"Na yarda kai ne mabaraci. Jeka. Zan ƙara sauti, zan sa matata ta buɗe nata. In ba ta shiga jerin ba, kada ka ce ni ne."

Ta shiga, a makon da ya biyo baya. Bai gani ba.

Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo, dariya na cinsa. Ya ce, "Gawayi, ranar da ka bar ta ta kai ƙarshe, ka kira ni. Ina so in ji yadda bawa ke ba da haƙuri."

Na ce, "Kada ka zauna jiran kiran nan."

Ya ce, "Zan jira."