Gwaggo Ta Cika a Bakin Kwari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma kaina a sama, ni direba, a madadin Inna da matata da duk gidanmu na bakin kwari, nake sanar da rasuwar katafilarmu, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi tana tsaka da aiki, farantin gabanta cike da ƙasa. Ta rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai, tara daga ciki a kwance, kwana goma sha tara kacal tana aiki a hannuna bayan na saye ta.

Ga wanda bai san dalilin zuwanta gidanmu ba: kwarin da ke bayanmu kowace damina sai ya ci ƙasa. Bara ya haɗiye garka da makewayi, saura taku bakwai ya iso ɗakin Inna. Ita kuwa Inna ta rantse ba za ta bar ɗakin da Baba ya gina da hannunsa ba, ko da a cikinsa ruwa zai tafi da ita. Sai dai a tare ruwan da tudun ƙasa tun daga sama, a karkata shi tsohon rafi. Masu ba da hayar katafila duk suka ce in jira bayan damina, kamar kwarin zai jira su. Shi ya sa na tuna da Gwaggo, wadda a kanta na koyi tuƙi, tana can ajiye a bayan gidan maigidana tun da idonsa ya yi rauni.

Ana ta yaɗawa wai cinikin biri a sama na yi. Ƙarya ne, kuma ina da shaida, domin da bakanike na je, mijin ƙanwata. Mun tarar da ita ta nutse a ƙasa har rabin sarƙa, wata bishiya ta tsiro ta tsakanin ƙafafunta, kaza na kwanci a kan kujera. Na bi sarƙar nan gaɓa-gaɓa da guduma. Na shafa haƙoran da ke jan ta, na ji ba su yi tsini ba. Na duba lagireto, na matsa kowane tiyo, na zaro sandar gwada mai na murza a yatsa na shinshina. Muka zubar da tsohon gas, muka ɗaura batir biyu na aro. Ta ce gir, gir, gir, ta yi shiru. A karo na huɗu ta yi wani tari, ta feso baƙin hayaƙi tare da gidan rina guda, sannan ta kama: dum-dum-dum-dum, muryarta ta da sak. Wallahi sai da na share hawaye, ban kuma ɓoye ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma zan faɗe shi da bakina kafin wani ya faɗa mini. Injin da ya daɗe a kwance, ruwan sama na silalewa cikin giyar ƙafarsa ya kwanta a ƙarƙashin mai. Daga sama ba za ka gani ba, sai ka shiga ƙarƙashi ka sassauta notin ƙasa ka ga abin da zai fara ɗigowa. Kowane direba ya san haka, ni ma a bakin maigida na koya. Bakanike ya miƙo mini sifana, yana ta zungurina. Maigida na zaune a kujerar roba, ya ji ƙarar ƙarfen, ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ai ka san ta, ɗana," ya ce.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai kwanta a ƙasa yana binciken cikin injin mutumin da ya ɗora hannunsa a kan giya, ya ciyar da shi shekara shida? Na mayar wa bakanike sifanarsa, na ce a kira tirela.

Sai a gida na kwance notin. Jan ruwa ya fito kusan bokiti guda, da ɓarɓashin ƙarfe yana walƙiya a ciki. Bakanike ya ce tsatsa ta gama cin giyar hagu, ko kwana uku ba za ta yi ba, kuma wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Na ce na ji, ya zuba sabon mai.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da juriya, ba ta san ƙorafi ba sai dai ƙwal-ƙwal-ƙwal na sarƙa da wani nishi in ta ɗauki kaya. Tana da halinta, ban ce ba ta da shi ba. Ba ta tashi da safe sai an lallaɓa ta, tana shan gas kamar ba gobe, in ka ce ta yi hagu sai ta yi shawara tukuna. Amma kwana uku da aka yanke mata ta mayar da su sha tara, ta tura ƙasar da maza ɗari ba za su tura a wata biyu ba. Inna kan sa a fito mata da tabarma kullum ta zauna kallo, tana cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar Talata tudun ya kusa haɗewa daga gabas da yamma, saura giɓi ɗaya a tsakiya, daidai inda ruwa ke kwararowa. Na shigar da ita giɓin da ƙasa cike da faranti. Na ji ƙaras daga hagu, sannan wani gurnani, sannan sarƙar ta tsaya cak. Injin na ci gaba da bugawa kamar bai san abin da ya faru ba. Ni na kashe shi da hannuna.

Ta rasu ta bar ni, da Inna, da batir biyu da masu su suka riga suka zo suka kwance, da kazar nan da ta biyo tirela da 'ya'yanta shida. Ta bar maigida, wanda har yanzu ba a gaya masa ba, kuma duk wanda ya kai masa wannan labari da sigar zargi, ni da shi ne. Bai cuce ni ba. Makaho bai ga ruwan ba, ni mai ido na ƙi dubawa, kuma gobe aka maimaita haka zan sake yi.

Ga 'yan gwangwan da suka fara zarya tun kafin injin ya huce, suna kewaya ta suna ƙwanƙwasa faranti: na san mutuwar wani tashin wani, amma ku tashi wani wuri. Ko noti ɗaya ba za a ɗora a sikeli ba. Ga masu zaman benci da suka yi kusan sati uku suna dariya suna ƙirga mata kwanaki, ta'aziyyarku ta iso, mun gode.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da sassafe, a inda ta faɗi. Ba za a ɗaga ta ba. Na auna giɓin na auna Gwaggo, tazarar da ta rage kowane gefe ba ta kai kamu biyu ba, kuma ban ga ruwan da zai ture tan goma sha takwas ba. Mun tsiyaye mata mai da gas tas. Za a rufe ta da ƙasa da duwatsu har saman rumfa, tudun ya haɗe a kanta. Ba a buƙatar kuka, ba a buƙatar jawabi. Kowa ya zo da shebur ɗinsa, masu dariya su zo da biyu, bakanike shi zai fara zubawa. A daure a zo da wuri, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma Inna ta ce a ɗakinta za ta kwana.